Ƙunshin Sanyi a Zauren Maɗori

Babanmu maɗori ne. A Zongon Kwatano ta wancan lokaci, in ƙashin mutum ya karye ba a tsayawa tambayar inda za a kai shi. 'Yan dakon tashar jirgin ruwa, fataken shanu da sa ya make, matan kasuwa da suka zame a taɓo da kaya a ka, duk a zaurenmu suke ƙarewa. Kayan aikinsa ba su da yawa: karare da ya fere ya jera a kusurwa, tsummoki wankakku, man shanu a ɗan gwangwani, sai addu'o'in da ya gada daga mahaifinsa, waɗanda ko a gaban Innarmu ba ya ɗaga murya in yana karanta su.

Ni ce 'yar farinsa. Wanda bai tashi a gidan Hausawan da ba sai ya ɗauka gata ne. To, kunya ce tsagwaronta. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. In yana son abu a wurina sai ya dubi bango ya ce, “A ce wa waccan ta kawo ruwa,” alhali ina tsaye a bayansa. Inna ma ta fi shi, ita ko a tsakar gida muka yi kiciɓis sai ta kau da kai. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta raine ni, a ɗakinta nake kwana, kuma ita ce 'yar aike tsakanina da su. Tsohuwa ce mai bakin tsiya, ni ma a wurinta na kwaso nawa.

Ita ta tsaya kai da fata sai na yi lakwal, wato makarantar boko, ta yi faɗa da rabin unguwa a kan haka. Da na gama, gwamnatin juyin juya hali ta tura mu koyarwa saboda ƙarancin malamai, aka ba ni ajin kimiyya a wata makaranta wajen Agontinkon. Shekarata ashirin. Wallahi kaina ya kumbura, gani nake duk Zongo babu mai ilimina. Ina faɗa ne don a san irin yarinyar da ta yi abin da zan ba da labari.

Zamani ne da kowa ya zama kamarad, daga minista har mai sayar da gawayi. Kowace unguwa da kwamitinta da delegenta, wato shugaban kwamitin. Rediyo kullum yana yaƙi da bokaye da masu maita. An sare manyan itatuwan da ake yi wa yanka, an rufe ɗakunan tsafi, ana tara tsofaffin mata a rana a ce sai sun amsa laifi. Mu a Zongo muka ce wannan ba ta shafe mu ba, mu masu salla ne. Sai kuma sojojin haya suka sauka a filin jirgin sama wata safiya, suka yi ta harbi suka koma. Daga nan gari ya canza. Shinge a kowace mararraba, a buɗe jakarka, a tambaye ka inda aka haifi ubanka. Mu da iyayenmu suka zo daga arewacin Najeriya, sai muka fara jin kalmar baƙo a bakin mutanen da muka yi wasan ƙasa tare.

A cikin wannan hali ne wani kukun jirgin ruwa, mazaunin Placodji, ya faɗo daga tsani ya karya ƙauri. Baba ya ɗora shi, ya miƙe garau. Ranar da zai koma aiki ya zo godiya da wani kwali a kafaɗa, ya ce likitan jirginsu ne ya ba shi. Bayan ya tafi Baba ya buɗe, ya ga fararen jakunkuna na leda kamar tafin hannu biyu, da rubutun Turawa a jiki. Ya juya ɗaya, ya girgiza, ya sunsuna. Can ya dubi bango.

“A kira malamar lakwal ta duba, ko na sha ne.”

Kaka ta leƙo ɗaki ta ce, “Ke Baturiyar gawayi, taso, yau ranarki ce.”

Na durƙusa a bakin zaure na karanta. Na sa jakar tsakanin tafukana na matsa da ƙarfi, wani abu ya fashe a ciki, ɗas. Na girgiza ta, na miƙa wa Kaka. Ta karɓa, ta yi wurgi da ita har ta bugi bango.

“A'uzubillahi! Ƙanƙara ce! Daga ina? Ke, me kika yi mata?”

Baba ya ɗauko ta ya riƙe. Ranar ana zafin da kwanon rufi ke ƙara, ga abu a hannunsa yana raɓa don sanyi. Ƙanƙara mun san ta, masunta na saye a bakin teku, amma ita sai an ɗauko ta cikin buhu da ɗiɗɗigar katako, kafin a kawo Zongo rabi ya zama ruwa. Wannan kuwa a busasshen kwali ta kwana.

“A tambaye ta mene ne a ciki,” in ji Baba.

Na yi wa Kaka bayani, shi yana ji. Na ce jaka biyu ce, ƙarama a cikin babba. Ƙaramar ruwa ne kawai. Babbar kuwa wani farin gishiri ne. In an matsa, ruwan ya fashe ya haɗu da gishirin. Shi wannan gishiri ba ya narkewa sai ya ci zafi, don ƙwayoyinsa a manne suke da juna, raba su aiki ne, aikin kuma da zafi ake yin sa. Tunda babu wuta a kusa, sai ya ƙwaci zafin ruwan. Ruwan ya yi sanyi, shi ma ya ƙwaci na duk abin da ya taɓa. Na ce, “Kaka, kin ga sodar da kike zubawa a ruwa in za ki yi sabulu, robar ta ɗau zafi har ba ta taɓuwa? To wannan kishiyar hakan ce. Waccan tana fitar da zafi, wannan tana shanye shi. Ba sanyi aka zuba a ciki ba, zafin ne aka kwashe.”

Kaka ta taɓe baki ta ce ita dai ba ta yarda da abin da ba shi da uwa ba shi da uba ba. Baba kuwa ya gyaɗa kai, ya ce wa bango, “Wato ɓarawon zafi ne.” Na ji daɗin maganar nan har cikin raina, don ita ce yabo mafi girma da na taɓa samu daga gare shi.

Kwana uku bayan haka aka kawo wani falken shanu, mutumin arewa, sa ya make shi a damtse. Hannun ya kumbura suntum, ba a iya laluben ƙashin. A da, sai Baba ya jira kwana biyu kumburi ya saɓe. Wannan karon ya shiga ciki, ya naɗo jaka ɗaya a baƙin ƙyalle, ya fito da ita a rufe. Ya yi addu'arsa, ya tofa sau uku, ya matse ƙunshin, ya ɗora a kan hannun. Ina leƙe ta labule. Falken ya zabura ya ce, “La'ilaha illallahu! Malam, sanyi!” Baba ya ce masa ya yi shiru ya yi salati.

Bai ce tofinsa ne ya kawo sanyin ba, ni shaida ce. Amma bai ce ba shi ba ne. A wurin maɗora abin da ke cikin ƙunshi ba na idon majinyaci ba ne, haka ya tarar ana yi, haka ya ci gaba. Falken kuwa bakinsa ba ya rufuwa. Kafin mako ya zagayo, kasuwar shanu kaf ta ji cewa maɗorin Zongo na tofa wa tsumma ya zama ƙanƙara.

Mutane suka ƙaru, kwalin ya fara ƙarewa. A nan ne na sa kaina a abin da ba a sa ni ba. Na farke jaka ɗaya da reza, na ga ƙwayoyin fari fat kamar takin zamani. Na duba littafina, ashe takin ne ma, iri ɗaya daga cikinsa. Na je wurin wani mai lambu a bakin teku na sayo rabin buhu, na tura ƙarƙashin gadon Kaka. Kullum in na dawo daga makaranta sai in ƙulla ruwa a ƙaramar leda, in sa a babba da cokali huɗu na takin, in ɗaure, in ba Kaka ta ajiye masa a kwalin. Bai taɓa tambayar yadda kwali ya ƙi ƙarewa ba. Ya sani, na san ya sani. Aikin da muka taɓa yi tare ke nan ni da mahaifina, kuma ina alfahari da shi ƙwarai.

Sai magana ta fara juyewa. Waɗanda suka ce albarka ce jiya, yau suka ce a dai bincika. Wata mai sayar da kifi ta rantse ta ga Baba da asuba a bakin ruwan Avotrou yana magana da wata mace mai gashi har gadon baya. Baban da ko kwalekwale ba ya shiga! Aka ce aljanar ruwa ce ke ba shi sanyin, aka ce ai ba kyauta take bayarwa ba, kowane ƙunshi da ran da za a biya ta. Wani yaro ya rasu da zazzaɓi a layinmu, aka tuna cewa an taɓa ɗora masa ƙunshi a gwiwa wata biyu da suka wuce. Matan da ke shigowa ɗibar ruwa a rijiyarmu suka daina. Wani mutum da ba mu sani ba ya zauna a bencin mai shayi da ke kallon ƙofarmu, kwana uku a jere, shayi ɗaya yake sha tun safe har azahar.

Ranar Laraba delege ya zo. Tela ne ɗan unguwarmu, shi ya ɗinka mini rigar makaranta ta farko, kuma Baba ya taɓa ɗora masa ƙashin wuya. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida Baba, sai kuma ya tuna da muƙaminsa ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

“Kamarad,” ya ce. “Wato, Baba. An kai ƙara sama, ba daga wurina ba wallahi. Ranar Asabar za a yi taro a filin makarantar firamare. Sunanka na cikin takarda, kai da wasu tsofaffi biyu. Don Allah ka buɗe musu ƙunshin nan su gani, kowa ya huta. In ba haka ba tafiya za su yi da kai, kuma ni ba ni da ikon hanawa.”

Baba ya ce, “Na ji. Ka gaida gida.”

Da ya fita na kama Kaka. Na ce ta je ta gaya masa ya buɗe, leda ce da taki da ruwa, me za a ɓoye? Ta je ta dawo. Ta ce ya ce mahaifinsa ya sa shi ya yi alkawari ba zai taɓa buɗe kayan ɗori a gaban taro ba. Na ce, “Haba Kaka! Wane gado? Daga jirgin Turawa abin nan ya fito, kakana ko a mafarki bai gan shi ba!” Ta koma, ta sake dawowa. Ya ce duk abin da ya shiga baƙin ƙyalle ya zama kayan ɗori. Ya ce in ya buɗe wannan, gobe za a ce addu'ar ma leda ce, karan ma leda ne, aikin shekara talatin ya zama wasan yara.

Na yi fushi har na kasa cin abinci. Ranar Juma'a da yamma na shirya maganata tsaf, na ce yau sai na dube shi na faɗa masa da bakina. Na je bakin zaure. Yana zaune yana feren kara, ya ji motsina, ya juya fuskarsa bango. Ni da ke tsawata wa yara sittin a aji, sai na kasa shiga. Na tsaya, na tsaya, na juyo. Kaka ta ce, “To, uwar iya magana, ina jawabin?”  Na ɗauko gwangwanin madara na cika da takin, na sa a jakata tare da ma'aunin zafi da na aro daga makaranta.

Asabar da hantsi filin ya cika maƙil. An ajiye tebur a ƙarƙashin mangwaro. Delege na gefe ɗaya, a tsakiya wani jami'i matashi daga ofishin gunduma, mai gilashi da alƙalami uku a aljihu. A ƙarshen tebur wani soja ne mai furfura a gashin baki, ya jingina da kujera ya lumshe ido, da alama an turo shi ne kawai. Baba da tsofaffin matan biyu aka zaunar a ƙasa cikin rana. Tunda nake ban taɓa ganin Baba zaune a ƙasa a gaban yaro ba. 

Aka fara da shi. Aka kira falken shanu shaida, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka yabo aka kira shi ya yi. Ya ɗaga hannunsa yana juyawa, ya ce, “Da idona na gani! Tsumma busasshe, ya tofa sau uku, sanyi ya shiga har ƙashina. Wannan ba aikin mutum ba ne, baiwa ce!” Taro ya ɗau guna-guni. Jami'in ya rubuta, ya rubuta, sannan ya dubi Baba.

“Kamarad, me ke cikin ƙyallen?”

Delege ya fassara, ko da yake Baba ya ji. Baba ya ce, “Kayan aiki ne.”

“Wane iri?”

Shiru. Aka sake tambaya, shiru. Jami'in ya rufe alƙalami ya ce to, za a tafi da shi inda ake buɗe baki. A bakin filin akwai kamiyo, wato babbar mota, a tsaye, direban ya tada inji.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa mutane na isa gaban tebur, na faɗi sunana da makarantar da nake koyarwa, cikin Faransanci, da ƙarfi. Na ce a ba ni kwano da ruwa. Aka kawo daga randar makaranta. Na tsoma ma'aunin zafi na nuna wa jami'in inda jan layin ya tsaya. Na juye gwangwanin a ciki, na dama da cokali. Layin ya yi ta sauka yana kallo. Na ce ya sa hannu. Ya sa yatsa biyu, ya fizge, sai ya fashe da dariya.

Aka zagaya da kwanon. Mai kifin nan da ta ga aljana ta tsoma hannu ta yi ƙara, mutane suka kwashe da dariya. Na yi musu bayanin da na yi wa Kaka, da Hausa, da Faransanci, har da misalin sodar sabulu. Jami'in ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda ilimi ke korar duhu, ya nuna ni ya ce ga irin 'ya'yan da ƙasa ke buƙata. Aka tafa. Na saci kallon Baba, kansa na ƙasa, yana kallon yatsun ƙafarsa. Na san na tona masa asiri a gaban duniya, amma na ce a raina ya yi fushin shekara ma, in dai a gida zai yi shi. Direban kamiyo ya kashe inji.

A nan ya kamata in ɗauki jakata in koma cikin mata. Kash! Tafin nan ya shiga kaina. Jami'in ya buɗe alƙalami ya ce, don rahoto, mene ne sunan gishirin? Da na ce takin zamani ne, da an wuce wurin. Amma ni malama ce, dole in nuna. Na ɗaga murya kamar ina gaban allo na ce, “Nitrat damoniyom, kamarad.”

Sojan nan ya buɗe ido.

Ya taso a hankali, ya ɗauki gwangwanin, ya karkaɗe sauran ƙwayoyin a tafinsa, ya murza da babban yatsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Kuna da shi da yawa?”

“Rabin buhu,” na ce. Har da ɗan murmushina.

“A ina?”

“A gida.”

Ya juya wurin jami'in. Ya ce shi ya yi shekaru a aikin hanya a arewa, kuma da wannan abin suke fasa duwatsu. Ya ce rabin buhu ya isa ya tashi gada. Sannan ya tambayi delege, “Mutanen nan 'yan ina ne asalinsu?”

 Waɗanda ke kusa da ni suka ja da baya. Na fara magana, na ce taki ne, masu lambu na zuba wa latas, shi kaɗai ba ya komai, na ce a kawo littafi in nuna. Babu wanda ya dube ni. Jami'in ya daina murmushi, gumi ya keto masa, don shi ne ya gama yabona a gaban jama'a. Ya ce a je gidan.

Muka taho a ƙafa, Baba a tsakiyar sojoji biyu, kamiyo na bin mu a baya sannu sannu, unguwa duk ta fito bakin ƙofa. Suka shiga har ɗakin Kaka da takalmansu. Suka jawo buhun daga ƙarƙashin gado. A zaure suka sami kwalin, ga rubutun ƙasar waje, ga hatimin jirgin ruwa a gefe, ga ƙulle-ƙullen leda da na yi da hannuna an jera su a ciki. Aka ajiye su a tsakar gida. Ni kaina da na kalle su a haka, sai da na ga sun yi kama da abin da sojan ke zato.

Sojan ya ce, “Na wane ne? Wa ya saya, wa ya ƙulla?”

Na buɗe baki. Kaka ta damƙi cinyata ta cikin zane, ta murɗa da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Kafin in yi numfashi Baba ya riga ni.

“Nawa ne. Ni na saya, ni na ƙulla, ni na ɓoye a ɗakin tsohuwa ba da saninta ba. Waccan 'yar makaranta ce, abin da ta gani a takarda take faɗa. Ba ta san komai a aikina ba.”

Na ce, “Ƙarya ce, ni ce!” Ko kuwa na so in ce, don Kaka ta toshe mini baki da tafinta, tana faɗin, “Yarinyar nan tana da taɓin hankali in rana ta yi zafi, ku yi haƙuri.” Sojan ya dube ni ya daɗe. Na tabbata ya gane. Ina jin shi ma yana da 'ya, ko kuwa dai namiji baƙo ya fi dacewa da rahoto. Ya ce a sa buhu da kwali da mutumin a mota. Baba ya nemi izinin ɗaukar carbinsa, aka hana. Ya taka ya hau da kansa, bai waiwayo ba.

Wata bakwai yana tsare. Ba a kai shi kotu ba, ba a ba mu takarda ba. Muka gano inda yake ta bakin wani mai shara. Ni da Kaka muke kai abinci bakin ƙofar, wata rana a karɓa, wata rana a ce babu mai wannan suna. Na je ofishin gunduma da littafin kimiyya a hammata har sau biyar, na ce a rubuta ni ce na saya. Magatakardan ya ce, “Kamarad malama, kina son su zama biyu ne?” Na je wurin mai lambu ya zo ya yi shaida, ya rantse bai taɓa ganina ba. Delege ya daina bi ta layinmu. Inna ba ta ce mini komai ba, ko sau ɗaya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsani kaina a watannin nan, na tsani muryata, in na ji ta a aji sai in ji kamar in fita da gudu.

Wata Talata da azahar, bayan damina ta ɗauke, sai ga shi ya shigo da ƙafarsa. Rigar da aka tafi da shi da ita ce a jikinsa, ta yi masa yawa. Babu wanda ya rako shi, babu bayani, an dai buɗe ƙofa an ce ya tafi. Kaka ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida. Maƙwabta suka cika zaure, har da masu labarin aljana, ana ta barka. Ya amsa wa kowa da ka, bai miƙa wa kowa hannu ba. Hannunsa na dama na cikin aljihun riga, na ɗauka gajiya ce.

Da mutane suka watse Inna ta yi tuwo da miyar kuɓewa, abin da ya fi so. Kaka ta ce in kai masa. Na ajiye kwanon da ruwan wanke hannu, na ja gefe na durƙusa. Sai ya zaro hannun.

Yatsu huɗu sun karye, sun warke a karkace, kowanne ya nufi inda ya ga dama. Na tsakiya ya hau kan ɗan'uwansa. Daga baya muka ji cewa a makon farko aka yi masa haka, ana tambayarsa wanda ya ƙulla ledojin. Shi ya ɗora su da kansa, da hagu, da tsinken tsintsiya da yagen rigarsa, a ɗakin da ba a ganin komai. Mutumin da ya miƙar da ƙasusuwan rabin Zongo.

Ya tsoma hannun a ruwa ya wanke. Ya kai shi kan tuwon, ya gwada yankowa, yatsun suka ƙi haɗuwa. Ya sake gwadawa, loma ta zame ta faɗa cikin miya. Ina durƙushe, hawaye na zuba a kan zanena, na kasa tashi. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya mai da hannun cikin aljihu, ya wanke na hagu, ya ce bismillahi, ya fara ci.